Ido Ba Mudu Ba: Nazari a Kan Fina-finan Bishara da Horon Matasan Kirista

1. Gabatarwa

Tun sa'ad da majigi ya fara haska bango a garuruwan ƙasar nan, iyaye da malaman addini su ke fama da tunani guda, watau me za a bar yaro ya gani, me kuma za a kare masa ido daga gare shi. Musulmi da Kirista duk sun yi tarayya a cikin wannan damuwa. Amma a wannan takarda za mu taƙaita ga ikilisiyoyin Nijeriya, musamman waɗanda Hausa ce harshen sujadarsu, tun daga Jos da Kagoro har Wusasa da Numan da Garkida. Abin da mu ke so mu bincika shi ne fina-finan da a ke kira na bishara, waɗanda a ke nuna wa matasa domin a raba su da na duniya. Shin suna koya wa matashi tantance abin da ya ke kallo, ko kuwa ɗauke masa nauyin tantancewar su ke yi? Za mu ɗauki fina-finai uku mu auna, sa'an nan mu gwada su da irin labaran da ke cikin Littafi Mai Tsarki, da kuma wani littafi na Hausa wanda kowane mai karatu ya sani.

2. Tsofaffin hanyoyi biyu

Gardamar nan ta girmi silima nesa. Wajen shekara ta 200, Tartuliyan, wani malamin Kirista na birnin Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yau, ya rubuta littafi musamman a kan wasannin dandali na Rumawa. Hukuncinsa bai da kwana: kada Kirista ya je, domin tushen wasannin tsafi ne, abin da su ke tayarwa a zuciya kuwa fushi ne da sha'awa. Wannan ita ce hanyar hani.

A ƙarni na 4 kuma, Basil, bishop na Kaisariya a ƙasar Turkiyya ta yau, wanda ya yi karatu a Atina, ya rubuta wa samari nasiha a kan littattafan Girkawa masu bautar gumaka. Shi bai hana su karantawa ba. Ya ce su yi koyi da kudan zuma, wanda ba ya sauka a kan kowane fure, wanda ya sauka a kansa ma ba ya kwashe shi duka, sai ya ɗebi abin da zai yi masa amfani ya tashi. Wannan ita ce hanyar tantancewa.

Akwai wani labari da Agustin ya bayar a littafinsa na ikirari, wanda ya ke nuna iyakar hanyar farko. Abokinsa Alifiyus ya tafi birnin Rum karatun shari'a, yana ƙin wasan takobi da a ke kashe mutane a ciki ƙi mai tsanani. Wata rana abokansa su ka ja shi dandalin da ƙarfi. Ya ƙudura a ransa ba zai kalla ba, ya zauna ya runtse ido. Da taron ya yi wata irin sowa, sai ya buɗe ido don ya ga abin da ya faru, da nufin ya raina shi. Ganin jinin nan ke da wuya ya shiga sowa tare da su, daga baya har shi ke jan waɗansu zuwa wurin. Saurayin nan ya san an hana, ya kuma yarda da hanin. Abin da bai sani ba shi ne yadda kallo ya ke kama zuciya, gama ba a taɓa koya masa ba. Makaminsa guda ne, runtse ido, da ya faɗi kuwa shi ke nan.

3. Yadda maganar ta iso mana

An gama fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Likita Walter Miller na mishan ɗin Zariya ya sha wahalarsa ƙwarai. A zamanin nan abin karatu kaɗan ne, mai hani kuwa ba ya shan wuya, domin gidan silima wuri ne sananne mai ƙofa, ana iya ganin wanda ya shiga. An buɗe talabijin a Ibadan a 1959, a Kaduna kuma a 1962, sai kallo ya shigo ɗaki. Faifan bidiyo ya biyo baya. A Kano aka fito da Turmin Danya a 1990, a kudu kuma Living in Bondage ya fito a 1992, daga nan kasuwar fim ta buɗe. Gwamnatin tarayya ta kafa hukumar tace fina-finai a 1993, Jihar Kano ta kafa tata a 2001. A shekarar 2001 ɗin kuma wayar salula ta fara bazuwa, har aka kai yau, da yaro zai kwanta da YouTube da TikTok a ƙarƙashin matashin kai.

Da ikilisiya ta ga hani kaɗai ba ya riƙe matasa, sai ta kama hanya ta uku, watau musanya. Ma'anarta ita ce, tun da ba za su bar kallo ba, to a ba su abin kallo na Kirista. Niyyar mai kyau ce, ta kuma haifi ayyuka masu daraja. Amma tana ɗauke da wani haɗari wanda ba a cika faɗa ba. Idan aka ce wa yaro wancan fim na duniya ne, ka yi hattara, wannan kuwa namu ne, ka saki jiki, to an koya masa duba tambarin da ke bayan faifai kawai. Ranar da aka buga tambarin a kan abin da ba shi da kyau, zai haɗiye shi da bismilla irin tasa, ba tare da ya tauna ba.

4. Fim na farko: Yesu (1979)

An ɗauki wannan fim a ƙasar Isra'ila, John Heyman ne ya shirya shi tare da ƙungiyar Campus Crusade for Christ ta Amurka, an kuma juya shi zuwa harsuna fiye da 2,000, har da Hausa. Ƙarfinsa a bayyane ya ke. Ya bi Bisharar Luka sau da ƙafa, yawancin maganar da ke cikinsa daga littafin aka ɗauko ta, ba a kuma cika shi da ƙawa ba. Wanda bai iya karatu ba ya kan zauna a filin ƙauye ya ji labarin tun daga haihuwa har tashi daga matattu cikin harshen da ya ke ciniki da shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma akwai bambanci tsakanin alƙalami da na'urar ɗaukar hoto, wanda ya kamata a nuna wa matasa. Luka bai faɗi tsawon Yesu ba, bai faɗi launin fatarsa ko kamannin fuskarsa ba. Marubuci yana iya yin shiru, mai ɗaukar hoto kuwa ba shi da wannan dama, tilas ya sa wani mutum a gaban na'ura. Mutumin da aka sa a nan Brian Deacon ne, ɗan wasan Ingila. Saboda haka yaro a Zonkwa ko Biliri ya kan tashi da fuskar Baturen Ingila a zuciyarsa duk sa'ad da ya rufe ido zai yi addu'a. Hausawa sun ce gani ya kori ji, ga shi kuwa a nan gani ya kori karatu. Har wa yau, a ƙarshen fim ɗin an ƙara wani sashe inda murya ta ke fuskantar mai kallo, ta gaya masa ma'anar abin da ya gani, ta kuma ja shi ga addu'a. Ga mai wa'azi wannan daidai ne, gama don haka aka yi fim ɗin. Ga mai horon ido kuwa, wurin tsayawa ne a tambayi yara: ina Luka ya tsaya, ina kuma masu fim su ka ɗora? Wanda ya iya amsa wannan ya fara gane cewa kowane fim aikin hannu ne, akwai wanda ya zaɓa, akwai abin da aka bari.

5. Fim na biyu: Agbara Nla

Mike Bamiloye da matarsa Gloria su ne ginshiƙan ƙungiyar Mount Zion, wadda aka kafa a 1985 a ƙasar Yarabawa domin wa'azi ta hanyar wasan kwaikwayo. A farkon shekarun 1990 su ka fito da Agbara Nla da Yarabanci, daga baya aka yi shi da Turanci da sunan The Ultimate Power, ya shiga gidajen Kirista ko'ina a ƙasar, har da na Arewa. Labarin wani ƙauye ne da ke ƙarƙashin ikon wani babban boka, Isawuru, wanda Bamiloye da kansa ya fito a matsayinsa, har masu bishara su ka shigo aka yi karo, ikon duhu ya karye.

Dole a yaba wa fim ɗin a kan abu biyu. Na ɗaya, ya ɗauki tsoron da mutanenmu su ke ji da gaske bai yi masa dariya ba, alhali wa'azin mishan na dā ya kan share maganar tsafi da cewa camfi ne kawai. Na biyu, fuskokin da ke ciki da ƙauyen da tufafin duk na gida ne. Amma mai nazari zai lura da inda gwanintar ta taru. Bokan ne ya ke da kwalliya mai ban tsoro, shi ke da kirari, shi ke da kiɗa da hayaƙi da walƙiya. Masu bishara kuwa, ko da ya ke su ne masu nasara, hoto bai ba su abin da ya ba abokin gabansu ba, domin haƙuri da tawali'u ba su da saurin kama ido. Shi ya sa kalmar da waɗanda su ka kalle shi suna yara su ka fi riƙewa har girmansu ita ce ta tsafin nan, Ayamatanga. An shiga da niyyar koyar da bangaskiya, abin da ya fi zama a kai kuwa siffar dodo ce.

Birgit Meyer, wadda ta daɗe tana nazarin fina-finan bidiyo na Gana, ta nuna cewa masu kallo da yawa su kan ɗauki irin waɗannan fina-finai tamkar wahayi, watau suna buɗe musu abin da ke ɓoye a duniyar ruhohi. A nan matsalar ta ke. Dabarar na'ura ce ta ke sa mutum ya ɓace ko wuta ta fito daga hannu, amma mai kallon da ba a hore shi ba ya kan karɓe ta a matsayin shaida. Daɗin daɗawa, idan kowace masifa a fim tana da maƙiyi na ɓoye a bayanta, matashi zai fita da wannan ma'auni ya auna faɗuwarsa a jarrabawa, da ciwon uwarsa, da karayar jarin ubansa. Sai tambayar "me na yi, me zan gyara" ta koma "wa ya yi mini".

6. Fim na uku: End of the Wicked (1999)

Wannan fim ya fito ne daga ƙungiyar Helen Ukpabio ta Kalaba, Teco Benson ya ba da umarni. A cikinsa an nuna yara ƙanana waɗanda kurwarsu ke fita da dare zuwa taron mayu, su dawo su jawo wa iyayensu bala'i. A 2008 gidan talabijin na Channel 4 a Ingila ya nuna wani shiri a kan yaran Jihar Akwa Ibom waɗanda aka zarga da maita, aka doke su, aka kore su daga gida. Masu suka da yawa sun ambaci wannan fim a cikin abubuwan da su ka hura wutar, ita kuwa mai fim ɗin ta musanta cewa aikinta ne ya jawo haka. A shekarar nan jihar ta yi dokar da ta haramta laƙa wa yaro maita.

Adalci ya hana a ɗora wa fim guda laifin abin da ya riga shi zuwa, gama zargin maita tsoho ne, mu ma a ƙasar Hausa mun san yadda a ke nuna tsohuwa da baki a ce ta kama kurwar yaro. Amma abin da ya shafi nazarinmu a fili ya ke. Fim ne mai tambarin bishara, ana ambaton sunan Yesu a cikinsa, mugu kuma yana hallaka a ƙarshe. Duk wanda aka koya wa duba tambari kaɗai zai ba shi hanya ya wuce. Wanda aka koya wa tambaya kuwa zai ce: wa aka mai da dodo a nan? Amsar ita ce yaro, wanda ba shi da bakin kare kansa. Sa'an nan zai tuna cewa a cikin Bishara, yaro ne Yesu ya tsayar a tsakiyar almajiransa ya ce su yi koyi da shi, ya kuma yi kashedi mai tsanani ga wanda ya sa ɗaya daga cikinsu tuntuɓe. Da wannan kaɗai ya isa ya yanke wa fim ɗin hukunci, ba sai fasto ya zo ba.

7. Ma'auni daga gida

A littafi na farko na Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a shekarun 1930, aku yana ba Musa ɗan sarki labari dare bayan dare don kada ya fita daga fada ya faɗa tarkon Waziri. Labari a nan shinge ne. Ya kuwa yi aikinsa, Musa ya tsira, amma da wayon aku ya tsira, nasa bai ƙaru ba sai kaɗan. A littafi na uku kuwa, akun nan yana horon ɗansa Fasih, yana ba shi labari yana jawo hankalinsa ga abin da ke ciki, domin wata rana ya tsaya da ƙafarsa a gaban sarki. Labari a nan makaranta ne. Yawancin fina-finan bishara aikin littafi na farko su ke yi, watau su riƙe yaro a gida har gari ya waye. Abin da a ke bukata a kai shi ne aikin littafi na uku.

Littafi Mai Tsarki ma da kansa ya fi karkata ga wannan. Sa'ad da annabi Natan ya je wurin Dawuda, bai fara da zargi ba. Ya ba shi labarin mai arziki da ya ƙwace 'yar tunkiyar matalauci, ya bar sarki ya yanke hukunci da bakinsa, sa'an nan ya nuna masa cewa kansa ya yanke wa. Misalin Basamariye a Luka sura 10 da tambaya ya ƙare, aka bar masanin Attaura ya amsa. Misalin ɗan da ya ɓata a sura 15 ya tsaya ne uban yana roƙon babban ɗansa a waje, ba a gaya mana ko ya shiga ba. Waɗannan labarai suna barin wa mai ji aiki. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, sura 5, ta danganta iya rarrabe nagarta da mugunta da yawan gwadawa, kamar yadda a ke horon jiki. Bulus ya umarci Tasalonikawa su gwada kome su riƙe mai kyau, a wurin kuwa maganar annabci ya ke yi, watau abin da a ke faɗa a cikin taron masu bi. Shi da kansa a Atina ya kawo maganar mawaƙan Girkawa a cikin wa'azinsa, alamar ya san su. Ashe gwaji bai tsaya a ƙofar majami'a ba.

8. Abin da ya rage ga mai horo

Ba mu ce a rushe shinge ba. Dashe ƙarami sai da ƙaya a kewaye, in ba haka ba awaki su cinye shi, akwai kuma abubuwan da babu wata tantancewa a cikinsu sai kau da kai. Amma mai lambu ya san ranar da zai cire ƙayar. Yaron da ke da waya a hannu ya riga ya fita daga shingen ko an so ko an ƙi, na'urar da ke zaɓa masa abin kallo kuwa ba ta duba ko na bishara ne ko na duniya, abin da ya daɗe a kansa jiya shi ta ke ƙaro masa yau. Hukumar tacewa tana iya duba faifai, ba ta iya bin kowane ɗan guntun hoto da a ke turawa daga waya zuwa waya.

Saboda haka malamin makarantar Lahadi da shugaban zumuntar matasa su zauna su kalla tare da yara, su tsayar da fim a tsakiya, su yi tambaya. Wa ya shirya wannan, me kuma ya ke so in yi in na gama kallo? A ina na ji tsoro ko daɗi, da wace dabara aka sa ni jin haka, kiɗa ne ko duhu ko kusanto da fuska? Wa aka nuna ba shi da wani alheri ko kaɗan, akwai kuwa irinsa a unguwarmu? Me aka bari ba a nuna ba? In na gaskata wannan labari, yaya zan bi da kakata, da ƙanena, da maƙwabcina Musulmi gobe da safe? A fara da fim ɗin da ikilisiya ta fi so, domin yaro ya ga cewa tambaya ba rashin bangaskiya ba ce. In ya saba a can, zai ɗauki tambayoyin nan ya kai su kan fim ɗin Indiya, da na Kano, da waƙar da ke tashe, da wa'azin minti ɗaya da wani baƙo ya turo masa.

Ga masu shirya fina-finan bishara kuma akwai magana. Mugunta mai ƙaho da jan ido tana da sauƙin ɗauka, amma wadda matashi zai gamu da ita a ofis da kasuwa da makaranta tana zuwa ne da fara'a da kyakkyawar riga. Fim ɗin da zai nuna masa wannan, ya nuna mutumin kirki mai rauni da mugu mai hujja, ya kuma tsaya kafin ya tauna masa amsa, shi ne zai yi masa amfani ranar da babu babba a kusa. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Sai dai ba a haifi ido da sanin kimar ba, a kasuwa ya ke koyo, kusa da wanda ya riga shi sani.